Jan Hankali Ga Masu Sa Tayil Ɗin Roba A Shago

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana 'yan kasuwa kan tayil ɗin roba mai kama da katako, wanda ake kira LVT.

Kemis gare ni a Tudun Wada, kuma irin wannan tayil ɗin na shimfiɗa a ciki. Kafin a yi maganar launi, a tambayi kaurin fatar samansa, domin ita ke shan takalmi. Mai milimita 0.3 na ɗakin kwana ne. Shagon da jama'a ke shige da fice yana son 0.5 ko 0.55. Na ji wani dillali yana rantsuwa wai duk ɗaya ne, alhali lambar na nan a jikin kwali.

Sai daɓe. In akwai tudu ko rami, tayil ɗin zai tona asirinsa. In kuma siminti bai bushe ba, musamman da damina, gam zai saki. Ni na fi son na mannawa da gam a kan wanda ba a sa wa gam, don ba ya motsi in an ja kaya.

Da hunturu yashin takalmi ke kankare shi, sai a ajiye abin goge ƙafa a ƙofa. Inda rana ke dukansa kuma a sa labule.

Naku,
Mai kemis,
Tudun Wada, Zariya