Kafin goge ya tsallaka iyaka, a gyara sauti a rubuta takarda

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in sa baki a maganar haɗin gwiwa tsakanin masu fasaharmu da na wasu ƙasashe. Duk sanda aka ɗauko zancen, sai hankali ya tafi Legas da Abuja da manyan situdiyoyin birnin Kano, kamar mu mutanen karkara namu sauraro ne kawai. Alhali abin da baƙo yake nema yana hannun mai goge da mai kalangu da mai gurmi na ƙauye. Fiyano da kwamfuta yana da su a garinsu, sun ma fi namu.

Kuma abin ba yau aka fara ba. Tun kaka da kakanni marinan Kura da masu bugunta suke yi wa Azbinawa turkuɗi da rawani, mai saye yana Agadas yana faɗin irin ƙyallin da yake so, mai bugu yana Kura yana cika masa. A 2008 mawaƙin Buzaye Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ta Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, waƙoƙin suka bi memorin waya daga hannu zuwa hannu har suka kai kunnen Turawa. Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san waƙar Damagaram takan kwana a Gumel, ta Gumel ta kwana a Magarya. Hanya a buɗe take. Abin da ke kashe aikin ƙananan abubuwa ne da ba a koya wa makaɗi ba, daga ƙarshe ya tashi ba kuɗi ba suna.

Na farko shi ne naɗin sautin. Furodusa a Yamai ko Accra ya ce a turo masa goge, sai yaron gida ya danna alamar makirufo a WhatsApp ya naɗa ya tura. Wannan saƙon murya an matse shi ne don magana, ya zubar da kaurin ganga da siririn kukan tsirkiya, kuma babu gwanin da zai dawo da abin da aka zubar. A sauke manhajar naɗi da ke iya ajiye fayil na WAV, wato sautin da ba a matse ba, a saita ma'aunin ingancinta a 48 kHz da bit 24 in wayar ta yarda, in ba ta yarda ba bit 16 ma ya wadatar. A tambayi abokin aikin tun farko ko a 48 yake aiki ko a 44.1, domin idan suka saɓa kuma manhajarsa ba ta juya fayil ɗin ba, saurin kiɗan zai canza da kusan kashi 9 cikin 100, muryar ma ta canza. A kashe abin rage hayaniya na wayar, don yakan ɗauki dogon jan goge a matsayin ƙara ya riƙa datse shi. A sa wayar a yanayin jirgi, a cire ta daga caji, saboda caji yakan sa wani gunji a ƙarƙashin sautin.

Ɗaki ma da ruwansa. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da amo, sautin ya fito kamar daga cikin rijiya. Soron ƙasa mai azara ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma mu ne muke da shi, 'yan birni sai sun kashe kuɗi su manna soso a bango. A shimfiɗa tabarma, a rataye barguna biyu ko uku a bangon da ke bayan makaɗin. Lokaci kuwa, ko bayan isha'i ko da sanyin safiya kafin a tayar da injin niƙa. Janareta a kashe shi gaba ɗaya. Makirufo ya yi tazarar taƙi ɗaya daga bakin mai waƙa, goge kamu ɗaya daga ƙoƙon, kalangu kuwa a ja baya kamu biyu don yana da ƙarfi. A duba ma'aunin da ke motsi a fuskar manhajar: ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6, kada ya kai wurin jan launi. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi, wanda ya fashe ya fashe ke nan.

Ga inda gardama take tashi. Ɗan situdiyo zai ce kowane kayan kiɗa a naɗe shi shi kaɗai, kuma da gaskiyarsa, ta haka ne zai iya ɗaga wannan ya sauke wancan. Amma mai kalangu ba ya kiɗa shi kaɗai, amsa wa mai waƙa yake yi, in ka raba su hannunsa ya mutu. Mafita ita ce a fara naɗar kowa da kowa tare sau ɗaya, wannan ya zama jagora. Sai kowa ya sa abin kunne yana jin jagoran, ya sake nasa shi kaɗai. In abin kunnen yana yoyon sauti zuwa makirufo, a naɗe kai da rawani a kansa. A tafa hannu sau ɗaya a farkon jagoran, kowane fayil ya fara daga wannan tafin, ko da mai shi ba zai shigo ba sai bayan minti biyu. Rashin wannan tafin yakan sa furodusa ya kwana yana laluben inda amshi ya kamata ya faɗa, daga baya ya ajiye shi inda bai dace ba.

Sai maganar wa zai bi wa. Wanda ke can yakan turo ƙwanƙwasar na'ura, ya ce tempo, wato saurin kiɗa, 100 ne, a bi. Kiɗanmu da yawa yana tafiya ne uku-uku, kuma yana ƙara wuta a hankali yayin da waƙa ta yi nisa, wannan ƙarin wutar shi ne daɗinsa. In aka ɗaure shi a ƙwanƙwasa mai huɗu-huɗu da ba ta motsi, sai ya zama kamar doki a turke. A ra'ayina makaɗin gargajiya ya fara naɗa, mai kwamfuta ya biyo shi, manhajojin yanzu duk suna iya bin saurin da ke canzawa. Haka ma ɗaurin murya. Goge ba a ɗaure shi da ma'aunin 440 da ake daidaita muryar fiyano da shi, da muryar mai shi ake ɗaure shi, kuma tsirkiyarsa izgar doki ce, fatarsa tana saki da damina ta ɗaure da hunturu. Saboda haka duk abin da ya shafi waƙa ɗaya a naɗe shi rana ɗaya, a gasa fatar a rana ko kusa da garwashi kafin a fara, a kuma ja tsirkiya zalla na daƙiƙa goma a farkon fayil don na can ya daidaita fiyanonsa da ita.

Wanda ba ya jin Hausa kuma a hana shi taɓa murya da Auto-Tune, manhajar da ke gyara hawa da saukar murya, sai ya turo an saurara. Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana. Kuka na hawaye da kuka ta miya harufansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Na'urar da ta ja gaɓa ɗaya sama tana iya mayar da yabo abin dariya. A rubuta masa baitocin, a nuna masa inda ba a yankewa. Kirarin basarake musamman, ba a ɗaukar rabinsa a liƙa a waƙar rawa.

Turawa ba ta da wuya in an san lissafi. Fayil ɗaya na WAV mai layi ɗaya a 48 da bit 24 yana cin wajen megabait 43 a minti biyar, fayil shida kusan 260 ke nan. A tura su a WhatsApp ta wurin dokumen, nan ba ya matse su, ko a ɗora a Google Drive. A sa wa kowanne suna sosai: sunan waƙa, kayan kiɗa, kwanan wata. Inda sabis ba shi da ƙarfi, memori a hannun direban da aka sani ranar kasuwa har yanzu yana aiki, amma a bar kwafi a gida. Kiɗa tare ta kiran bidiyo kuwa a bar shi, jinkirin layi ba zai bari hannu biyu su haɗu ba. Kiran na shawara ne da koyon salo.

Yanzu ga babbar maganar, takarda. A al'adarmu uban kiɗa ne ke karɓar kyauta ya raba wa yaransa a gaban kowa, ba a buƙatar rubutu. Waƙar da ta hau intanet kuwa kuɗinta yana zuwa ne shekara da shekaru, cikin asusun wanda ya ɗora ta. Haƙƙi biyu ne a kowace waƙa: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki naɗin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, ta kuma ba mai tsara waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, naɗin sauti kuma shekara 50. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, don haka haƙƙin ɗan Ringim yana nan ko a Maraɗi aka saki waƙar. Amma doka ba ta san abin da aka yi da fatar baki a waya ba.

Shafi ɗaya ya isa. Sunan kowa kamar yadda yake a katin shaidarsa, har 'yan amshi. Abin da kowa ya yi. Kason kowa cikin 100, a tara a ga ya cika 100. Kuɗin da aka biya yau, ladan zama ne kawai ko sayen haƙƙi ne, a faɗa ƙarara, don a nan ake cin mutane. Wa zai ɗora waƙar, da sunan wa, kuma ko an yarda a yanki gogen a sa a wata waƙa ko talla. A rubuta da Hausa, boko ko ajami, tunda ita ce ta haɗa mai Turancin Ingilishi da mai Faransanci, a sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonta. Kafin a sa hannu MP3 kawai za a tura na ɗanɗano, WAV ya jira. Dalili shi ne wanda ya riga ɗora waƙa ta kamfanin da ke rarraba waƙoƙi a intanet, YouTube shi yake ɗauka mai ita, har ya kai ga mai gogen ya ɗora kiɗansa a ce masa na wani ne. A Najeriya akwai ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙi, a Nijar akwai hukumar BNDA mai irin wannan aikin, kowa ya yi rajista a ɓangarensa.

Wurin ciniki a kula da bakin mutanen Nijar. Su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce. In ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuwa sefa 1,000. A rubuta adadin da lamba, a rubuta sunan kuɗin. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa tana sauka, saboda haka aikin da za a biya bayan wata uku gara a yanke shi da sefa. Rabi kafin a fara, rabi kafin a saki fayil na ƙarshe.

In aikin ya kai ga tafiya, a tuna an rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai Maris 2024 aka buɗe, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi halin da Maigatari ko Kongolam suke ciki a makon tafiyar, a riƙe fasfo ko takardar tafiya, katin allurar shawara, da wasiƙar gayyata mai lambar wanda ya gayyata. Masu nufin Turai su san cewa fatar guza da ake rufe ƙoƙon goge da ita tana cikin abin da yarjejeniyar CITES ta kula da cinikin namun daji ta sa wa ido, ana iya ƙwace gogen a filin jirgi. Ko a nemi izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ko a haɗa wani gogen da fatar akuya don tafiya, a saba da shi tun a gida don muryarsa daban ce.

Masu sana'ar hannu su ma abin ya shafe su. Shunin da ke zuba a jiki shi Buzu yake biya da tsada, shi ne kuma mai zanen tufafi na Turai zai kira aibi ya mayar da kaya. A yi samfuri uku iri ɗaya, ɗaya gare ka, ɗaya gare shi, ɗaya wurin shaida, a kuma auna da mita, don kamun hannun wani ba na wani ba ne, yadi ma bai kai mita ba. Baje kolin sana'ar hannu na SIAO a Wagadugu da kasuwar kiɗa da wasanni ta MASA a Abidjan suna karɓar masu nema daga ƙasashe daban-daban, amma watanni kafin buki ake rufe karɓa, kuma hoto da bidiyo mai kyau suke fara dubawa.

Roƙona gare ka, Edita, ka sa wani lauya ya tsara wannan takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, ka buga ta a jaridar nan yadda za a iya yankewa ko a sauke a waya. Gidajen rediyonmu na Kano da Dutse kuma su karanta ta a shirye-shiryen makaɗa, don yawancin waɗanda abin ya shafa da kunne suke karatu.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Maigatari, Jihar Jigawa.