A Daina Raina Masu Gyaran Kuskuren Rubutu a Manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da ƙannena masu koyon rubuta manhaja, da kuma yayyensu da ke kashe musu gwiwa.

Ina koyar da wannan sana'a a Zariya, kuma raina na ɓaci idan na ga ana yi wa yaro dariya don gudummawarsa ta farko a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke haɗa hannu a kan aiki, gyaran harafi ɗaya ce. Manhajar Linux, wadda kowace wayar Android ke tafiya a kanta, tana da fayil mai suna spelling.txt, jerin kalmomin da aka saba kuskurewa, ana auna sabon aiki da shi kafin a aika. Injiniya Colin Ian King ya shafe shekaru yana tura irin wannan gyara, ana karɓa. Dalilin a fili yake: ranar da manhaja ta tsaya, mai gyaranta yakan bi kalma yana nema a cikin kod, wato rubutun umarnin manhajar. In an rubuta ta a karkace, sai ya wuce wurin bai sani ba.

Sai dai, ƙannena, ku san inda za ku taɓa. Bayanin gefe da aka rubuta don mutum ya karanta, ku gyara ba fargaba. Saƙon da ke fitowa a allo kuwa, a bi shi a hankali. A manhajojin da ke amfani da gettext, wani tsarin fassara saƙonnin manhaja, jimlar Turancin ita ce makullin fassara. Ka canza harafi ɗaya, fassarar Hausar ta daina fitowa har sai mai fassara ya sake tabbatar da ita, mutumin da bai iya Turanci ba ya tarar da Turanci a gabansa. Don haka a sanar da masu fassara tukuna. Sunan da wasu manhajoji suka dogara da shi kuma, a bar shi yadda yake. Kalmar Referer ta shiga ƙa'idar HTTP, wadda ake buɗe shafukan intanet da ita, a 1996 da gibin harafin r guda, har yau haka ake aika ta, domin gyaran zai karya shafuka ba iyaka.

Kada kuma a mai da abin hanyar neman suna. A Hacktoberfest na 2020, taron shekara-shekara na ba da gudummawa ga manhajoji, mutane sun yi ta antaya gyaran banza don samun riga kyauta, har masu shirya shi suka sauya doka. Ka tattara kurakuran fayil gaba ɗaya, ka bi su da codespell, manhajar gano kuskuren rubutu, ka sake karantawa da idonka, sannan ka aika sau ɗaya.

Roƙona ga ɗalibanmu shi ne su fara da saƙonnin Hausa. Manhajoji da yawa na rubuta "kudi" da "karshe" ba lanƙwasa, kuma masu kula da su a ƙasashen waje ba za su taɓa ganin matsalar ba sai mun nuna musu.

Naku,
Mai koyar da rubuta manhaja,
Zariya, Jihar Kaduna