Kada a tsallake aikin lambun da ke cikin littafin Burnett

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon malaman da ke karanta wa yara The Secret Garden, wanda Frances Hodgson Burnett ta fitar a 1911, da su tsaya a kan aikin lambun da ke ciki, don daidai yake. Lambun yana Yokshaya ta Ingila, ya shekara 10 a kulle. Meri, yarinyar da ke cikin labarin, ta shige shi da hunturu, itatuwan fure duk kamar matattu, sai abokinta Dikon ya yanki reshe da wuƙa ya nuna mata kore a ciki.

Haka ake yi har yau. A kankare ɓawo kaɗan: in akwai kore da danshi, reshen yana da rai. In ya karye ƙas, a datse shi zuwa inda kore ya fara, a karkace, kamar rabin santimita a saman idon da sabon toho ke fitowa. Dungu mai tsawo bushewa yake yi ya jawo cuta. Ciyawar da ke shaƙe tsiro kuwa da hannu ake tuge ta, don fartanya tana sare albasar furen da ke ƙasa.

A kuma gaya wa yara sanyi ne ya kwantar da itatuwan can, ba ƙishirwa ba. Yawan ban ruwa ruɓar da saiwa yake yi.

Naku,
Wasu masu aikin lambu