Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Umar Namadi na Jihar Jigawa: a ciri kuɗin takardar gado daga cikin gadon

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka sannu da jama'a. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gumel, ban taɓa rubuta wa mai mulki wasiƙa ba sai yau. Amanar da yayana ya bar min ce ta sa.

Yaya ya rasu bayan kakar bara. Sana'arsa sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka, ya tara, ya kai wa manyan 'yan kasuwa. Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni gaban liman da ƙanin mahaifinmu, ya ce ni ne wasiyyinsa. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, bakwai ba su balaga ba. Gida da gonaki da shanun huɗa ba su ba mu wahala ba. Bayan sadakar arba'in muka je gaban alƙali, aka fitar da bashi, aka fitar da wasiyya, aka ba matan tumuninsu, aka raba saura tsakanin 'ya'ya. Kuɗin da ke banki shi ya zame mana ƙarfen ƙafa.

Mutumin nan fa da ba ya ajiya a banki. Canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, shi ya kai shi ya buɗe asusu, kamar yadda ya kai mutanen karkara da yawa. Aka ce mu shiga banki, muka shiga. Babu wanda ya gaya mana abin da zai biyo baya ranar da mai asusun ya kwanta dama.

Na je bankin da takardar alƙali a naɗe cikin leda don kada ta yi ƙura. Yarinyar da ke kan kanta ta karanta, ta yi min ta'aziyya da ladabi, ta ɗan taɓa kwamfuta, ta ce daga yau an rufe asusun. Ashe da bakina na rufe shi. Na ce ai sunana ne a jikin fom a matsayin ɗan'uwa na kusa. Ta ce wannan sunan na sanarwa ne kawai, ba ya ba ni ikon cire ko kwabo. Sai na kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu.

To ga abin da ke bayan takardar: shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya, rantsuwa, hotuna, fom, takardar banki mai nuna abin da ke cikin asusun, mutum biyu da za su tsaya min, sanarwa a jaridar da ko mutum ɗaya ba zai gani ba a ƙauyenmu, sannan kuɗin da ake yankewa gwargwadon yawan dukiyar. Duk a biya tukuna, kafin a ga ƙeyar naira ɗaya. Mabuɗin akwatin yana cikin akwatin, an ce in buɗe.

Kuma kuɗin da ba ya kan rasit ya fi ciwo. Ranar 29 ga Mayun 2023 da aka rantsar da kai, ranar ce aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1000. Duk tafiyar da zan yi da masu tsaya min, ni ke biyan motarsu da abincinsu, don ba za ka ɗauko dattijo daga gonarsa ka bar shi da yunwa a tasha ba. Sau biyu muna isa aka ce mai sa hannu ya fita, a dawo jibi.

Ranka ya daɗe, kai akanta ne, ka riƙe ma'aikatar kuɗi ta jihar nan kafin ka zama mataimakin gwamna. Lissafin ba zai yi maka wuya ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, manomi kuwa sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara. Ina wasiyyi zai samo abin biya? Ni dai na kai tunkiyar matata da awaki biyu kasuwar Maigatari wata Alhamis, na roƙi kwasar adashen da ba tawa ba, na ci bashin wani dillalin riɗi. Wani gona yake jinginarwa. Wani kuma ɗan kan hanya ne zai ce shi zai biya komai, in kuɗin sun fito a ba shi kasonsa, kason da ba a rubuta ba, kuma daga bakin marayu zai fita.

Akwai hanyar da ta fi waɗannan muni, kowa ya san ta, ba a dai faɗa. A ƙi gaya wa banki an yi mutuwa, a ɗauki katin mamacin da layin wayarsa, a je wajen mai POS a riƙa zara kaɗan-kaɗan. Da na dawo daga banki ran nan, wani abokina dariya ya yi min, ya ce wa ya aike ka? A wannan hanyar wanda ya san lambar sirri shi ne magaji. Matan suna cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba sa fita, kafin su fito babban ɗa ko ƙanin miji ya share asusun. Na ga gidan da zumunci ya mutu a kan haka. Wasu kuwa, in kuɗin ba su taka kara sun karya ba, haƙura suke yi. A ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a Yulin 2024, asusun da ya shekara goma ba a taɓa shi ba za a kwashe abin da ke ciki zuwa wani asusu a hannunsa. Magada na iya nema, amma sai da takardun shaida, an koma gidan jiya ke nan.

Ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ya ce su ma can suna kuka. Kuɗin neman irin wannan takarda ya koma fam 273 a Janairun 2022, ya zama fam 300 a Mayun 2024. An taɓa shirin yanka shi bisa girman dukiya har ya kai fam 6,000, jama'a suka yi ca, gwamnati ta janye a 2019. Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne: dukiyar da ba ta wuce fam 5,000 ba, ba a karɓar komai a kanta, kuma banki na iya biyan kuɗin jana'iza da harajin gado kai tsaye daga asusun mamacin tun takardar ba ta fito ba.

Mu ba sai mun je Ingila koyon wannan ba. A shari'armu likkafani da haƙa kabari daga dukiyar mamaci ake fara cirewa, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Ban taɓa jin malamin da ya ce wasiyyi ya sayar da akuyarsa don ya sauke amana ba.

Roƙona ke nan, Mai girma Gwamna. A bar wasiyyi ya cika takardunsa ba tare da biyan kuɗin yanka ba, ranar da banki zai saki kuɗin ya cire na gwamnati ya tura mata. Ko kwabo jiha ba za ta rasa ba, hasali ma za ta samu daga waɗanda yau suke bi ta wajen mai POS. A kuma sa iyaka, ƙaramar dukiya a yafe mata gaba ɗaya, takardar alƙalin da ya raba gadon ta wadatar. Sashe na 277 na tsarin mulki ya sa wasiyya da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, sashe na 274 ya ba Babban Joji ikon tsara ƙa'idojin Babbar Kotu. Na san bankuna ba a hannunka suke ba, na kuma san tsoronsu na 'yan damfara tsoro ne mai dalili. Amma in ka kira Babban Joji da Girandi Kadi da Kwamishinan Shari'a da manajojin bankunan da jihar ke ajiya a wurinsu, babu wanda zai ƙi zuwa. Kafin nan, ko farashin kowace takarda a liƙa a bango da Hausa, boko da ajami, mu san abin da ke na gwamnati da abin da ba nata ba.

Har yau da nake rubutun nan kuɗin Yaya ba su fito ba. Gonakin marayun na jiran taki, dillalin riɗi ya aiko sau biyu, uwargidan kuma ta daina tambayata, sai dai ta gaishe ni ta sunkuyar da kai.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani malamin firamare daga ƙasar Gumel