A Koya wa Ɗaliban Haraji Ma'anar Kalmomin Kuɗi Kafin a Sa Su Hadda

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda 'ya'yanmu masu karatun sha'anin haraji a manyan makarantu suke koyon kalmomin Turanci da suka shafi kuɗi. Na yi shekaru ina aikin tattara haraji kafin in yi ritaya, kuma tun daga lokacin ɗalibai kan zo zaurena a Tudun Wadan Zariya bayan sallar La'asar mu yi bitar darasi, musamman idan jarrabawa ta ƙarato. Yawancinsu haziƙai ne, suna iya kawo fassarar kowace kalma da Turanci kamar yadda take a takardar malami, babu harafin da zai faɗi. Amma da zarar na ce wa ɗaya daga cikinsu ya ɗauka ni mahaifinsa ne mai shago a kasuwar Sabon Gari, ya bayyana mini abin da ya karanto da Hausa, sai ka ga ya yi shiru yana kallon tabarma.

Ba ina kira a ajiye Turanci ba ne. Da shi aka rubuta dokokin harajin ƙasar nan, da shi ake cike takardu, da shi kuma ake zana jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun masana haraji ta Najeriya, saboda haka wanda bai iya shi ba ba zai je ko'ina ba a wannan sana'a. Damuwata ita ce hanyar da ake bi, domin jami'in haraji da Turanci yake karanta doka, amma a nan Arewa da Hausa yake karɓar kuɗi, kuma idan kalma ba ta zauna masa a ka da harshen da yake tunani da shi ba, to talakan da ke tsaye gaban teburinsa ne zai ɗanɗana kuɗar wannan giɓin.

Misali mafi kusa shi ne abin da muke kira kuɗin shiga. Turawa suna da kalma dabam ga abin da gwamnati ta tara, wata dabam ga abin da mutum ya samu a shekara, wata kuma ga jimillar cinikin da ɗan kasuwa ya yi kafin ya cire uwar kuɗi da ɗawainiya, mu kuwa duk mukan zuba su a ƙwarya ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfanoni, kuma da jimillar ciniki aka auna wannan iyaka. Mai sayar da hatsi zai iya yin cinikin miliyan 30 alhali abin da ya rage masa bai wuce miliyan 2 ba. Idan jami'i ya tambaye shi nawa yake samu a shekara, ribar zai faɗa, da gaskiyarsa. Na taɓa shaida irin wannan a wani ofis da na yi aiki: wani matashin ma'aikaci ya rubuta amsar ɗan kasuwa a gurbin da ba nata ba, daga baya aka tuhumi bawan Allah da ɓoye dukiya, ya yi ta sintiri makonni yana rantsuwa, alhali tambayar ce ba a yi masa daidai ba. Har yau idan na tuna fuskar dattijon nan raina yakan ɓaci.

Sannan akwai kalmomin da yaro ya sani tun yana firamare, waɗanda su ne suka fi yaudara, domin yana ganin ya riga ya san su. An koya masa cewa "interest" sha'awa ce, sai ya tarar a banki kuɗin ruwa ce, a dokar haraji kuma ƙari ne da ke hawa kan wanda ya jinkirta biya, wanda ya bambanta da tara. Ya san "return" komawa ce, amma a ofishinmu takarda ce da mutum ko kamfani ke miƙawa kowace shekara yana bayyana abin da ya samu, a wurin masu zuba jari kuma abin da jarin ya haifar ne. "Duty" da ya sani a matsayin nauyin da ke kan mutum, a tashar jiragen ruwa kuɗin fito ce, a kan takardar yarjejeniya kuma harajin kan sarki. Hausar ma tana da nata tarkon, domin riba ta halak da ɗan kasuwa ke nema da riba da shari'a ta haramta rubutunsu ɗaya ne a boko, kuma ɗalibin da bai lura ba zai iya tayar wa mai tsoron Allah hankali a banza.

Inda abin ya fi tsanani shi ne tagwayen kalmomi masu kama da juna waɗanda hukuncinsu ya sha bamban. Wanda ya tsara harkarsa cikin doka domin harajinsa ya ragu bai yi laifi ba, wanda ya ɓoye ciniki ko ya shirga ƙarya a takarda kuwa ya yi laifin da kan kai mutum kotu, amma sau da yawa za ka ji an fassara duka biyun da kauce wa biyan haraji. Haka yake a harajin kayan masarufi, wanda aka fara karɓa a 1994 kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Kayan da aka keɓe daga harajin dabam suke da kayan da ke cikin harajin amma aka sa musu kashi sifiri, domin mai sayar da na biyun yana da damar neman a mayar masa da harajin da ya biya wajen sayen kayan aiki, na farkon kuwa ba shi da ita. Kuɗin da ake zaftarewa daga hakkin ɗan kwangila kafin a biya shi ma ba wani sabon haraji ba ne, kafin alƙalami ne da za a cire masa daga abin da ake binsa a ƙarshen shekara, kuma na san 'yan kwangila da dama da suka yi asarar wannan hakki saboda babu wanda ya taɓa yi musu bayani.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ƙasar Zazzau ta san kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi da zakka tun kafin zuwan Turawa, kuma a zamanin En'e muna da baitulmali da ma'aji da mallaman haraji masu riƙe da littafi. Da iyayenmu suka haɗu da kuɗin Ingila ba su tsaya hadda ba, sai suka lanƙwasa kalmomin suka zama namu: fam da sule da sisi da kwabo, da akawu da rasit da bauca, har jaridar da aka fara bugawa a garin nan a 1939 ta sa kwabo a sunanta. A nan unguwar Kongo ta Zariya aka horar da akawuna da ma'aikatan baitulmali na Arewa kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A ganina, tun da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, zancen haraji ya tashi daga ƙofar mai unguwa ya koma ofis, harshenmu kuma bai bi shi can ba, shi ya sa sababbin kalmomi suka yi ta shigowa babu mai yi musu masauki.

Yanzu kuma ga sababbin dokokin haraji da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka sauya sunan hukumar tattara haraji ta tarayya, suka kuma yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara. Duk wanda ke zama a majalisar hira ya ji irin jita-jitar da ta biyo baya, kuma yaran nan da ke aji yau su ne za a tura su kashe wannan wutar.

Don haka ina kira ga malaman akanta da na haraji a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da su zauna da masana Hausa na jami'ar, tare da hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna da dattawan 'yan kasuwa, a fitar da ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin kuɗi da haraji, kowace kalma da ma'anarta da misali daga kasuwa, a buga shi a kuma sa shi a intanet. A aji kuma, kada a wuce kalma sai ɗalibi ya ga inda take zaune a takarda ta gaske, kamar bayanin asusun banki ko takardar albashi ko shaidar biyan haraji ta shekara uku, sannan ya bayyana ta da bakinsa ga wanda bai yi boko ba. Ɗaliban da ke zuwa wurina na sa kowannensu ya buɗe littafi mai gida uku, kalmar Turanci a gidan farko, ma'anarta da Hausa a na biyu, lissafi da naira a na uku, kuma na ga yadda amsoshinsu na Turancin ma suka gyaru. Kalmomin da muka tara ta wannan hanya suna nan a ajiye, kuma a shirye nake in miƙa su ga duk sashen da ya ɗauki wannan aiki.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin haraji,
Tudun Wada, Zariya.