Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Shin BBC Ta Zalunci Baird?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa, ka tambaye ni a bainar jama'a cewa tunda John Logie Baird ne ya fara nuna talabijin, me ya sa BBC ta yi watsi da na'urarsa, kuma ashe ba zalunci ba ne? To ni dai ban ga zalunci ba.

Farawa kam shi ya fara. Ranar 26 ga Janairun 1926 ya tara masana a wani ɗaki a unguwar Soho ta Landan, ya nuna musu fuska tana motsi. Sai dai na'urar tasa faifai ne mai huji-huji da ke juyawa, dabarar da Bajamushe Paul Nipkow ya yi wa rajista tun 1884. Layuka 30 kacal ke haɗa hoton a shekarun farko.

BBC ba ta yanke hukunci da ka ba. Da ta buɗe tasharta ta talabijin a ginin Alexandra Palace da ke Landan ranar 2 ga Nuwamban 1936, karɓa-karɓa ta sa aka yi: mako guda na Baird, wanda ya kai layuka 240 a lokacin, mako guda na kamfanin Marconi-EMI mai 405. Nan fa aka ga bambanci. A makon Baird, mai gabatarwa a ɗaki mai duhu yake zama, ɗigon haske na ta zarya a fuskarsa. In shirin na mutane da yawa ne, sai a ɗauka a fim, a wanke nan take, a watsa shi yana jiƙe kamar minti guda bayan an yi abin. Kyamarar kuma a kafe take, ko gezau. Ta EMI kuwa lantarki ce zalla, ana tura ta a kan tayoyi, har waje ake fita da ita. Kai ne mai shirya shiri, Malam, wacce za ka ɗauka?

Gaskiya tsautsayi ma ya faɗa wa Baird, don a ƙarshen wannan Nuwamban gobarar Crystal Palace, wani katafaren ginin gilashi a Landan, ta cinye ɗakunan bincikensa da ke ciki. Amma ko ba gobara, faifai na da iyakar gudun da zai yi. A Fabrairun 1937 aka ajiye tsarinsa, na 405 kuwa bai bar aiki a Birtaniya ba sai 1985.

Wassalam.