Tun ranar da jiniyar Kakuri ta yi shiru ƙungiyar ƙwadago ta fara ramewa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, saboda na gaji da jin matasa a majalisa suna cewa wai 'yan ƙwadago ba su taɓa tsinana wa talaka komai ba, sun saba karɓar na goro su janye yajin aiki. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, kuma ba na kare shugabannin yanzu, wasunsu ni ma haushinsu nake ji, amma zancen ya fi haka tsawo.

Yaran nan ba su san cewa tun a 1945 ma'aikatan reluwe da sauransu ƙarƙashin su Michael Imoudu suka tsayar da aiki fiye da kwana 40 a hannun Turawa kan tsadar rayuwa ba. Ba su san a 1949 an bindige leburorin kwal 21 a Inugu ba. Ita NLC ɗin da suke zagi, wato uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, a 1978 aka kafa ta, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, kowace sana'a da tata, Hassan Sunmonu ya zama shugaba na farko. Babangida ya rushe shugabancinta a 1988, Abacha ma ya sake rushewa a 1994 har ya ɗaure Frank Kokori na NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur, to in da ba ta da haƙori me zai sa soja su yi ta fama da ita?

Amma ni abin da na gani da idona shi zan faɗa. Ƙarfin ƙungiya daga cikin fakitiri yake tasowa. A zamaninmu in jiniya ta yi kuka a Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, za ka ga mutane kamar ranar idi, masu fita shif da masu shiga, kekuna ba iyaka, masu abinci da masu shayi duk suna ci a jikinmu. Kowane sashe da wakilinsa, in foman ya zage ka ko aka yanke maka obataya wajensa za ka fara zuwa, shi ya kai wa ciyaman na reshe, in abu ya gagara sai hedikwata, kuma kuɗin ƙungiya daga albashi ake cirewa kai tsaye duk wata, shi ya sa take da kuɗin ɗaukar lauya da motar zirga-zirga. Shi kansa Adams Oshiomhole ai a nan Kaduna ya taso daga masaƙa, ya zama babban sakataren ƙungiyarmu a 1982 kafin ya riƙe NLC daga 1999 zuwa 2007.

Sai masaƙun suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Kamfanin da na yi wa aiki da aka rufe shi haƙƙinmu ma sai da muka yi shekaru muna zarya, abokan aikina da yawa sun rasu ba su ga garatutinsu ba, Allah ya jiƙansu. Haka abin ya faru a Bompai da Sharaɗa a Kano. Ana cikin haka kuma a 2005 aka gyara doka, shiga ƙungiya ya zama ganin dama, aka ba TUC, ƙungiyar manyan ma'aikata, nata matsayin, murya ta rabu biyu.

Yanzu wa ya rage a ciki? Yawanci ma'aikatan gwamnati ne, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi. Ɗana keke napep yake ja, ɗayan kuma aikin kwantiragi yake a banki, in ya ce uffan kan ƙungiya gobe wani ne a kujerarsa. Kai ka ce wa mai napep ya ajiye aiki kwana uku, wa zai biya masa balas? Shi ya sa a Janairun 2012 aka rufe ƙasa da yajin aiki har fetur ya sauko daga wajen naira 141 zuwa 97, amma a 2023 aka cire tallafi lita ta haura 500 kuma kasuwa ta ci gaba da ci. Ko mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka samo a 2024 ba ta kai farashin buhun shinkafa a lokacin ba, kuma mafi yawan masu wahala a ƙasar nan ba sa kan albashin ma balle ta shafe su.

Don haka kwamared-kwamared ɗinmu na Abuja, ku rage taron manema labarai da wa'adin kwana bakwai da kowa ya san ƙarshensa, ku zo tashar mota da kamfanonin piya wata da wajen masu gadi ku yi musu rajista, ko da naira ɗari ce a wata.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masaƙa, daga Kakuri, Kaduna